Yadda Ake Wadata Ruwan Tanki Da Iska A Ƙaramin Noman Cikin Ruwa

Duk manomin rani a Kadawa ko Kura ya san abin da ke faruwa idan ruwa ya kwanta a gonar tumatir kwana biyu ko uku bai janye ba. Ganyen yakan langaɓe tamkar wanda ƙishirwa ta kama, alhali saiwar tana jiƙe sharkaf. Shinkafar da ke gonar maƙota kuwa tana tsaye cikin ruwa abinta, domin a cikin karanta da saiwarta akwai 'yan hanyoyin da ke kai iska daga sama zuwa ƙasa. Tumatir da attaruhu da latas da kokwamba ba su samu wannan baiwa yadda shinkafa ta samu ba. Saiwarsu tana numfashi dare da rana, kuma da ƙarfin da take samu daga numfashin ne take zuƙo ruwa da taki, saboda haka idan iskar oksijin ta ƙare a inda take, sai ta daina sha ko da a tsakiyar kogi take.

Wannan ita ce babbar matsalar noman cikin ruwa, wato noman da ba ya buƙatar ƙasa, wanda William Gericke na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka ya yaɗa da sunan haidiroponik a 1937. A gona, iska tana maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, manomi ba ya ma tunaninta. A bokiti ko rabin duro kuwa, saiwa tana zaune cikin ruwa tun daga dashe har girbi, kuma wanda ya fara gwada wannan noma a bayan gida yakan tattara hankalinsa kan haɗin taki, ya mance cewa ruwan da babu iska a cikinsa ba ya amfanar shuka komai kyan takin da aka zuba.

Abin da ruwa zai iya riƙewa

Ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kimanin miligiram 280 na oksijin, amma lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 ba ta wuce miligiram 9 ba, ko da an yini ana hura mata iska. Idan zafin ruwan ya kai digiri 25 adadin yakan sauka zuwa 8 da ɗoriya, a digiri 30 ya koma kusan 7 da rabi, a digiri 35 kuma 7 kacal. Waɗannan alƙaluma na bakin teku ne, kuma da yake ƙasar Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500, sai a ƙara rage kimanin kashi 5 cikin 100. Abin da ya fi muni shi ne, yayin da ruwa ke ƙara zafi yana rage abin da yake riƙewa, ita kuma saiwa buƙatarta ƙaruwa take yi, domin numfashinta yakan kusa ninkawa duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10. Wato a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, shuka tana neman iska fiye da kowane lokaci, ruwan kuma a lokacin ne ya fi rowa.

Na koyi wannan ne ta hanyar asara. A bazarar farko na ajiye baƙin bokiti mai tumatir a kan siminti, jikin katangar da rana ke duka da yamma. Ganye ya riƙa yaushi bayan azahar yana farfaɗowa da dare, ni kuma na ɗauka ƙishirwa ce, sai na riƙa cika bokitin maƙil. Wani dattijo maƙocinmu, wanda ya shekara da shekaru yana noman fadama, ya shigo ya tsoma hannu cikin ruwan ya ce, "Ɗana, ai ruwan wanka ka ɗora wa tumatir ɗin nan." Na ce, "Baba, ai ga famfo nan yana hura iska." Bai ce komai ba, ya ɗaga murfin ya nuna mini saiwar. Ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi kamar miyar kuɓewa, tana warin kwata, kuma da na ja ta da yatsa sai ɓawonta ya saɓule ya bar wani siririn zare a tsakiya. Wannan ita ce ruɓewar saiwa, wadda galibi wata ƙwayar cuta mai suna Pythium ke haddasawa, kuma ba ta samun sarari kamar a ruwa mai ɗumi da iska ta yi wa ƙaranci.

Saboda haka aikin farko shi ne sanyaya ruwan, tun kafin a yi zancen sayen famfo, domin famfo komai ƙarfinsa ba zai tura oksijin fiye da abin da zafin ruwan ya yarda ba. Abin da ake so shi ne ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 24, wanda yake da sauƙi a hunturu, yana da wuya a bazara. Idan an iya riƙe shi ƙasa da 28 a watannin Maris zuwa Mayu, an yi ƙoƙari. Hanya mafi arha ita ce a haƙa rami a binne tankin har wuya, saboda ƙasa a zurfin kamu biyu ba ta ɗaukar zafi kamar samanta. Idan ba za a binne ba, a ɗauke shi daga kan siminti, a shafa masa farin fenti a waje, a naɗe shi da buhun algarara ana jiƙa shi safe da rana. Kuma da tsohuwar zuma ake magani: dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Muhammad Bah Abba, a lokacin yana malami a Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta a 2000, tana aiki a nan ma. A sa bokitin cikin babbar randa, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randar yana bushewa, yana tafiya da zafi. Dabarar ta fi ƙarfi a rani lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa amfaninta yakan ragu. Kada dai a zuba ruwan takin kai tsaye cikin randar, domin zai riƙa tsiyayewa ta jikinta, gishirin takin kuma ya taru a waje.

Haske ma abokin gaba ne. Duk inda hasken rana ya ratsa cikin tanki gansakuka za ta tsiro, ta cinye taki, da dare kuma ta yi kokawar oksijin da saiwa, idan ta mutu ta ruɓe ta ƙara cinye wata. A rufe tankin ruf da murfin da haske ba ya ratsawa, a toshe duk ramin da babu shuka a cikinsa. Wannan kuma yana hana sauro samun wurin saka ƙwai a tsakar gida.

Barin gurbin iska

Ga wanda yake ƙauyen da wuta ba ta zuwa, ko take zuwa jefi-jefi, hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar famfo ko kaɗan. Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii ne ya yi fice wajen bincike a kanta, har ake kiranta da sunansa. Ana huda murfin bokiti ko jarka, a zura ƙaramin kofin roba mai huje-huje wanda dashen ke ciki, a cika ruwan taki har ya taɓa gindin kofin da kamar santimita ɗaya ko biyu. Daga nan sai a ƙyale shi. Shuka tana sha, ruwan yana sauka, saiwa tana bin sa ƙasa, sai a samu wani gurbi mai danshi tsakanin murfi da fuskar ruwa. Saiwar da ke cikin wannan gurbi ita ce ke shaƙar iska kai tsaye, wadda ke ƙasa kuma tana shan ruwa, kowacce da aikinta.

Kuskuren da ke kashe shuka a wannan tsari shi ne tausayi. Mutum ya buɗe ya ga ruwa ya yi ƙasa, sai ya ɗauko buta ya cika shi har baki, ya nutsar da saiwar da ta riga ta saba da iska, kafin kwana ɗaya ko biyu shukar ta langaɓe. Idan za a ƙara ruwa, a ƙara kaɗan-kaɗan yadda kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin saiwar zai kasance a sarari koyaushe, kuma yana da kyau a ja layi da alƙalami a jikin bokitin don kada yaro ko wani mai taimako ya wuce shi. Da damina a tabbatar ruwan sama ba ya shiga ta murfi, ko a huda ƙaramin rami a gefen bokitin daidai layin, yadda duk abin da ya haura zai zube. Latas da alayyafo da sauran ganyen da ake girbewa cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun fi dacewa da wannan hanya. A ware wa kowane tushen latas lita 4 zuwa 6, a ƙara a kan haka idan ana zafi. Tumatir da kokwamba masu shan ruwa ne ƙwarai, suna buƙatar babban mazubi da ƙarin ruwa akai-akai, kuma a nan ne famfo yake fara zama dole.

Famfon iska da yadda ake kafa shi

Famfon da ake buƙata shi ne irin wanda masu kiwon kifi da masu ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa suke amfani da shi, kuma a wurin masu sayar da kayan kiwon kifi ake samunsa tare da siririn tiyonsa da dutsen kumfa, wato ɗan dunƙulen dutse mai ƙananan ƙofofi da ke raba iska zuwa ƙananan kumfa. A jikin kwalin famfon ana rubuta yawan litar iskar da yake fitarwa a minti ɗaya. Ƙa'idar da masu wannan noma suka saba bi ita ce kimanin lita ɗaya ta iska a minti ga kowace lita huɗu ta ruwa, wato bokiti mai lita 20 yana son famfo mai lita 5 a minti. Ƙiyasi ne kawai, kuma a yanayin zafinmu gara ya ɗara da ya gaza, muddin dai ruwan ba ya tafarfasa har yana wujijjiga saiwa yana tsinka ta.

A ajiye famfon a wuri mafi tsawo daga fuskar ruwa, a kan kanta ko a rataye a jikin azara. Dalili shi ne idan aka ɗauke wuta, ruwa yakan iya biyo tiyo da baya ya shiga cikin famfon ya lalata shi, wani lokaci ma ya tsiyaye tankin a ƙasa. Idan babu yadda za a ɗaga shi, a sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa a tsakiyar tiyon, a busa shi da baki tukuna don a gane ta ina iska ke wucewa kafin a haɗa. Famfon ya kasance a inuwa, domin iskar da ya zuƙa ita yake turawa cikin ruwa, kuma idan yana zaune ƙarƙashin kwano mai zafi, zafin zai riƙa aikawa. Tiyon kada ya yi tsawon da ya wuce buƙata, kada kuma ya lanƙwashe. Dutsen kumfa a jiƙa shi cikin ruwa na kamar awa ɗaya kafin a fara amfani da shi, sannan a sauke shi ƙasan tanki a tsakiya. Idan yana tasowa sama, a ɗaure shi da tsaftataccen dutse, ba da ƙusa ko guntun ƙarfe mai tsatsa ba.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba game da kumfa. Ƙanana sun fi manya amfani saboda suna jinkirin tashi kuma jikinsu yana haɗuwa da ruwa sosai, amma a tanki marar zurfi kaso mai yawa na oksijin yana shiga ne ta fuskar ruwa, inda kumfan ke fashewa suna motsa shi, suna juyo na ƙasa zuwa sama. Oksijin yana tafiya cikin ruwan da ke kwance a hankali ƙwarai, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda yake tafiya a sarari, shi ya sa motsi yake da muhimmanci haka. Wannan ne ya sa mazubi mai faɗi marar zurfi ya fi dogo tsukakke. Duro mai lita 200 a tsaye ya kusa santimita 90, kuma ƙaramin famfo yakan sha wuya wajen tura iska zuwa wannan zurfi, sai a ga kumfan sun zama tsilli-tsilli. Gara a tsaga duron roba gida biyu a tsaye, a kwantar da kowane ɓari kamar kwami, a sa dutse biyu, ɗaya a kowane gefe. Duron da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a cikinsa a bar shi, komai arharsa.

Wanda yake da tsarin bututu, inda famfon ruwa ke tura ruwan taki ya bi ƙarƙashin shuka ya dawo tanki, yana da sauƙi guda: ya bar bututun dawowa ya ƙare sama da fuskar ruwa da kamar taƙi ɗaya, yadda ruwan zai riƙa faɗowa yana fantsama. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ƙaramin tanki. Sai dai famfon da ke nutse cikin ruwa yana ɗumama shi, don haka kada a sayi wanda ya fi ƙarfin aikin.

Batun wuta

Saiwar da ta girma a nutse gaba ɗaya, ta dogara da famfo, ita ce ta fi shiga haɗari ranar da famfon ya tsaya, kuma a ruwa mai ɗumi 'yan awanni sun isa a fara ganin illa. Shawarata ita ce ko da akwai famfo, da zarar saiwa ta yi tsawo a rage ruwan a bar gurbin santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashin kofi, yadda idan wuta ta yanke, shukar tana da inda za ta yi numfashi kafin a farga.

Lissafin sola ba shi da wuya. Famfo mai wat 5 da ke aiki awa 24 yana cin wat 120 na awa a rana. Daga ciki, kimanin 70 zai ci ne a awa 14 da babu ƙarfin rana, kuma wannan batir ne zai ɗauka. Batir mai bolt 12 da amfiya 20 na awa yana riƙe wat 240 na awa, amma irin batirin nan mai dalma ba a so a sauke shi ƙasa da rabi idan ana son ya daɗe, wato 120 ke nan abin amfani, wanda ya wadatar. Faifan sola mai wat 50 tare da ƙaramar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, zai cika shi a ranar Kano ba tare da wahala ba, in dai ana share ƙurar da ke kwanciya a kansa, musamman a hunturu. A nemi famfon da ke aiki kai tsaye da bolt 12, domin inbata ƙarin kuɗi ce kuma ita ma tana cin nata rabon wutar. Ga bokiti ɗaya ko biyu, akwai ƙananan famfuna da ke aiki da irin igiyar cajin waya, ana jona su da pawa banki. Idan kuɗin batir bai samu ba, a jona famfon da faifan ya yi aikin rana, lokacin da zafi da buƙatar iska suka fi yawa, gurbin iska kuma ya riƙe dare.

Ranar da komai ya tsaya, a kwashe wani ɓangare na ruwan da kwano a riƙa zubo shi daga sama yana kumfa, kamar yadda mai shayi ke fifita shayi tsakanin kofi biyu, na minti biyu ko uku duk bayan awa ɗaya ko biyu. Famfon keke da aka ɗaura wa tiyon ma yana fitar da mutum kunya.

Ruwan da ake zubawa da kula ta yau da kullum

Ruwan burtsatse da na rijiya mai zurfi yakan fito da ƙarancin oksijin, domin ya daɗe bai haɗu da sarari ba, wani kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe wanda ke komawa ja-ja idan iska ta taɓa shi, ya toshe dutsen kumfa. A ɗebo ruwan tun jiya, a hura masa iska ko a juye shi tsakanin bokiti biyu sau da yawa, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama, sannan a zuba taki. Hura iska kuma tana korar iskar kabon da ke narke cikin ruwan, abin da ke rage tsaminsa, sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke hawa idan tsami ya ragu, ya hau. Ana son ya tsaya tsakanin 5.5 zuwa 6.5, kuma idan ya haura 7 shuka takan kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyoyinsa suna kore. Don haka a auna bayan an hura iska an zuba taki, ba kafin nan ba. Jiƙon kashin kaji ko na shanu kuwa kada ya kusanci tankin. Yana da kyau a gona, amma a cikin ruwa ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su ne za su shanye oksijin kafin saiwa ta samu.

Na'urar auna oksijin tana da tsada, kuma ƙaramin manomi zai iya rayuwa ba tare da ita ba. Ma'aunin zafi mai arha da aka rataye cikin ruwan, a duba shi da la'asar lokacin da ruwan ya fi ɗumi, ya fi ta amfani a wurinmu. Sauran aikin na ido da hanci ne: lafiyayyar saiwa fara ce ko ta ɗan yi ruwan madara, tana da tauri, ba ta wari. Idan an tarar ta fara ruɓewa, a yanke ɓangaren da ya lalace da almakashi mai tsabta, a zubar da ruwan, a wanke tankin da tiyo da ruwan bilic da aka sirka, a ɗauraye sosai, a zuba sabon ruwa mai sanyi. Shukar da saiwarta ta tafi gaba ɗaya a cire ta, domin cutar tana bin ruwa ta kama na kusa. Wasu suna ɗiga ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi, wanda ke sakin oksijin na ɗan lokaci, amma ƙarfinsa ba ya daɗewa kuma idan ya yi yawa yana ƙona saiwa, ni dai ban ɗauke shi madadin gyara zafi da iska ba.

Dutsen kumfa yana toshewa a hankali, mai shi ba ya ankara sai ya kwatanta da sabo. Duk bayan mako biyu zuwa uku a ciro shi a goge da tsohon buroshin haƙori, idan farin gishiri ne ya kama shi a jiƙa shi cikin khal, idan yauƙi ne a jiƙa cikin bilic mai ruwa-ruwa, a ɗauraye a shanya a rana. Amma kada a taɓa haɗa khal da bilic a mazubi ɗaya, domin suna fitar da hayaƙi mai guba. A ƙasan famfon akwai ɗan soso da ke tace iska, wanda ƙurar hunturu ke cikawa cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa ciro shi ana kakkaɓewa. Idan famfo yana ƙara amma iska ba ta fita, yawanci 'yar robar da ke bugawa a cikinsa ce ta tsage, kuma ana canza ta ba sai an sayi sabo ba. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da za a shiga birni sayen famfon a haɗo da wannan roba guda biyu, da dutse na ajiya, da tiyo mita biyu ko uku. Mai farawa kuma ya dasa a watan Nuwamba, ya yi watannin sanyi yana sanin halin ruwansa da famfonsa, ya haƙa ramin binne tanki tun cikin Fabrairu kafin zafin Maris ya sauko.